Ban Iya Rubuta Manhaja Ba, Za Su Karɓe Ni?

 

Yau maganar jari za mu yi, amma ba na adashi ba. Akwai wasu cibiyoyi a duniya da aikinsu shi ne renon sababbin kamfanoni, musamman masu aiki da intanet da wayar hannu. Kamfani yana jariri, wani lokaci ma bai wuce mutum biyu da dabara a ka ba, sai su ɗauke shi, su ba shi kuɗi, su zaunar da masu shi wata uku ana horar da su ana matsa musu lamba. Daga ƙarshe a tara masu zuba jari rana guda, kowa ya fito ya tallata hajarsa. Ladan cibiyar shi ne kason da take karɓa a cikin kamfanin. To tambayar da ke gabanmu ita ce: mace tana da dabara, ta san kasuwa, ta san abin da mutane ke bukata, amma ba ta iya rubuta manhajar kwamfuta ba. Idan ta ƙwanƙwasa wannan ƙofa, za a buɗe mata?

Bari mu ɗauki wadda ta fi kowace suna, wato Y Combinator ta ƙasar Amurka. An kafa ta a 2005, yanzu tana birnin San Faransisko. Daga hannunta Airbnb da Dropbox da Stripe suka fito. Mu ma nan Nijeriya abin ya taɓa mu, domin a 2016 ta karɓi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas, shi ne na farko daga ƙasar nan. A 2020 Stripe ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Tun daga 2022, duk kamfanin da cibiyar ta karɓa dala 500,000 take zuba masa. Masu nema dubbai ne a kowane zango, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba.

Mutum huɗu suka kafa wannan cibiya. Uku maza ne, Paul Graham da Robert Morris da Trevor Blackwell, dukkansu gwanayen kwamfuta. Ta huɗun mace ce, Jessica Livingston. Ingilishi ta karanta a jami'a, kuma aikin talla take yi a wani bankin zuba jari a Boston kafin nan. Idan aka zauna ganawa da masu nema, mazan suna ta tambayoyi a kan fasaha, ita kuwa mutanen take karanta, wane ne mai gaskiya, wane ne mai cika baki. Shi Paul Graham da kansa ya rubuta cewa a wannan fanni ita suke juyawa su tambaya. Ni da nake muku magana aikin jarida na karanta, don haka wannan labari yana min daɗi ƙwarai. Gidan ma da ake jin tsoron shiga, da hannun wadda ba ta rubuta manhaja aka aza tubalinsa.

Amma kada daɗin ya ɗebe mu. A cikin fom ɗin da ake cikewa akwai tambaya ƙarara: wa ke rubuta manhajar kamfaninku, kuma akwai wani ɓangare da wanda ba ya cikin masu kamfanin ya yi? Nan ne mata da maza da yawa ke tuntuɓe. Sai mutum ya ce ai na ba wani kamfani kwangila, na biya, sun gina min. A wajenki wannan alamar da gaske kike yi ce, tunda kin fitar da kuɗinki. A wajensu kuwa alamar haɗari ce.

Bari in kawo miki abin kusa. A ce kin buɗe shagon ɗinki, ke ba ki iya keke ba, telanki kuma yana wani gari, duk ɗinki sai kin aika a mota. Ana saura kwana uku sallah wata ta dawo da riga ta ce hannun ya matse ta, wata ta ce wuyan ya yi faɗi. Ya za ki yi? Kowane gyara sai kin biya, sai kin jira, kuma ran da ya yi fushi ya kashe waya, shagonki ya mutu. Haka sabon kamfani yake. Abin da aka gina da farko kusan kullum ba shi mutane ke so ba, sai an yi ta sauya shi, wani lokaci kowane mako. Wata ukun nan da cibiyar ke bayarwa, don wannan gyare-gyaren ne. Ɗan kwangila ba zai tashi ƙarfe biyun dare don manhajarki ta tsaya ba. Wanda zai tashi shi ne wanda kamfanin nasa ne shi ma. Sannan ga wata matsalar da ba a cika faɗa ba: sau da yawa makullan manhajar, da asalin rubutunta, suna hannun ɗan kwangilar, ke rasit kawai gare ki.

Saboda haka abin da suke son sani shi ne wa zai gina, kuma yana cikin gida ko a waje yake. Ba lallai ke ce ba.

Ku dubi Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiyi da mai ɗakin haya. Biyu daga cikin ukun da suka kafa shi, Brian Chesky da Joe Gebbia, zane da tsara kaya suka karanta. A 2007 kuɗin haya ya gagare su a San Faransisko, ga wani babban taro a garin, otal-otal sun cika. Sai suka shimfiɗa katifu uku irin waɗanda ake hura wa iska a falonsu, suka sami baƙi uku, kowa dala 80 a dare. Daga baya suka jawo abokinsu Nathan Blecharczyk, shi ne gwanin manhaja, ya zama na ukunsu. Duk da haka masu kuɗi suka yi ta korarsu, wai wa zai kwana a gidan wanda bai sani ba. Da bashi ya yi musu katutu, lokacin zaɓen Amurka na 2008, sai suka sayo hatsin karin kumallon nan da Turawa ke ci da madara, suka zana kwalaye da hoton Obama da na McCain, suka liƙa da hannunsu, suka riƙa sayar da kwali ɗaya dala 40. Sun tara wajen dala 30,000. Ran da suka je ganawa a Y Combinator, maganar ɗakin haya ba ta shiga kunnen Paul Graham ba. Kwalin nan da suka nuna masa ana shirin tashi shi ya juya shi, don ya ga mutanen da ba su san saduda ba. Aka karɓe su a farkon 2009, aka ba su dala 20,000.

Kun lura? Kafin su sami jari sun riga sun sami baƙi, sun karɓi kuɗi a hannu, kuma suna da maginin manhaja a cikinsu. Gani ya kori ji.

To ke fa, me za ki kai? A ce dabararki ita ce haɗa matan da ke sana'a a cikin gida, masu dambun nama da turaren wuta da alkaki, da masu saye a ofisoshi. Ba ki bukatar manhaja kafin ki fara. Waya gare ki, WhatsApp gare ki, littafi da biro gare ki, ga mai Keke Napep a bakin layi. Ki fara da mata goma. Ki rubuta komai: oda nawa ta shigo wannan mako, nawa ta shigo makon jiya, mutum nawa suka dawo suka sake saye, nawa ya rage miki bayan kin sallami kowa, me ya sa wance ta daina. Bayan wata shida kina da abin da gwanin kwamfuta ba zai iya ƙirƙirowa a ɗakinsa ba. Wannan littafin shi ne takardar shaidarki, kuma aiki biyu zai yi miki. Shi za ki nuna wa cibiyar, shi kuma za ki nuna wa wanda kike so ya shigo ya gina miki. Domin gaskiya, 'yar uwa, masu iya manhaja sun gaji da jin "ina da wata dabara, ka gina mu raba riba". Kowa yana da dabara. Wadda ta zo da masu saye a hannu ita ake saurare.

Neman abokin tafiyar nan ba aikin mako guda ba ne. Melanie Perkins, 'yar birnin Perth a Ostareliya, tana ɗaliba tana koya wa 'yan uwanta amfani da manhajar zane, ta ga yadda suke shan wuya. A 2007 ita da Cliff Obrecht suka fara da ƙaramin abu, buga littafin tunawa na ɗaliban da suka gama makaranta, a falon mahaifiyarta. Masu zuba jari fiye da 100 suka ƙi ta. Sai a 2012 ta sami Cameron Adams, tsohon ma'aikacin Google, ya yarda ya shigo a matsayin mai kamfani, a 2013 Canva ya fito. Yau da shi yaranmu ke tsara katin biki a waya. Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai ake ce wa nemo aboki. Drew Houston mai Dropbox gwani ne na gaske, amma da ya nema shi kaɗai a 2007, sai da aka ce ya je ya samo na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan Allah ya haɗa ki da shi ko ita, a nan ake yin ta. Wata za ta ce dabarar tawa ce, in ba shi kashi biyar cikin ɗari ya ishe shi. Wanda kika ba kashi biyar, aikin kashi biyar zai yi miki, ran da aka yi masa tayin albashi mai tsoka kuma ya tafi. Shawarar da ita cibiyar ke bayarwa ita ce a raba daidai ko kusa da daidai, don aikin da ke gaba ya fi wanda aka yi a baya nesa ba kusa ba. Abin da zai kare ki shi ne sharaɗin da suka saba sawa: kason kowa ba ya zama nasa a rana ɗaya, a hankali yake nuna cikin shekara huɗu. Wanda ya fice kafin shekara ta cika ba ya tafiya da komai, in ta cika ya mallaki rubu'in kasonsa, sauran kuma wata-wata. A rubuta, a sa hannu gaban lauya, kuma a rubuta cewa manhajar ta kamfani ce. Ko ƙaninki ne uwa ɗaya uba ɗaya. Addininmu ya koya mana rubuta bashi da kafa shaidu, ina ga dukiyar da za a yi shekaru ana tarawa tare. Kuma kafin a kai ga takarda, ku yi wani ɗan aiki tare na wata ɗaya ko biyu, ki ga halinsa ran da abu ya lalace.

Wata za ta ce ai yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira, kana faɗa mata abin da kake so tana rubuta manhajar. Haka ne, kuma ina ba ki shawara ki gwada, ko don ki sami samfurin da za ki nuna. A 2025 shugabannin Y Combinator sun ce kamfani ɗaya cikin huɗu na wani zangonsu, kashi 95 cikin 100 na manhajarsa na'ura ce ta rubuta. Sai dai sun ƙara da cewa masu waɗannan kamfanoni gwanaye ne da za su iya rubutawa da kansu. Wato ran da abin ya cije, suna da idon gane inda ya cije. Ke ma ki koyi abin da zai sa ba za a rufe ki da turanci ba.

Sai maganar abin da za ki bayar, don kuɗin nan ba sadaka ba ne. Daga cikin dala 500,000, dala 125,000 a bakin kashi 7 cikin 100 na kamfaninki ne, sauran 375,000 su ma za su rikiɗe su zama hannun jari idan wasu masu kuɗi suka shigo suka yanka wa kamfanin farashi. Dole a yi wa uwar kamfanin rajista a Amurka ko ɗaya daga cikin 'yan ƙasashen da suka amince da su. Lokacin annobar korona ta intanet aka yi horon, shi ya sa a zangon farko na 2022 kamfanonin Afirka sama da 20 suka shiga. Da aka koma sai mutum ya je da ƙafarsa, adadin ya faɗi warwas. Wata uku a San Faransisko, ga biza, ga yara, ga maigida, ga iyaye. Wannan magana tun kafin a cika fom ake yin ta a gida, kada sai takardar gayyata ta iso a fara kallon-kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ba kowace sana'a ce ta dace da su ba. Su kamfanin da zai ninka kansa sau ɗari suke nema. Idan burinki shago mai albarka da zai riƙe ki da iyalinki, wannan buri ne mai kyau, kuma akwai ƙofofin da suka fi kusa. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000, ba ta karɓar kaso, ba ta kuma tambayar ko kin iya kwamfuta. A farkon shekara ake buɗe neman.

Wadda kuma ta ce ita fa sai can, to ga yadda abin yake. Fom ne a intanet, kyauta, ba a bukatar sanin kowa, duk wanda ya ce ki biya shi ya shigar da ke ɗan damfara ne. Za ku ɗauki bidiyon minti ɗaya ku duka masu kamfanin, kuna magana da bakinku. In an kira ku, ganawar minti goma ce kacal, tambaya kan tambaya. Tambayar manhaja ki bar wa abokin tafiyarki. Ta masu saye kuwa taki ce, kada ki waiwayi kowa: su wane ne, nawa suke biya, nawa suka ƙaru daga watan jiya. In ba a ɗauke ku ba ana sake nema, kuma abin da za su fara dubawa shi ne me ya ƙaru tun zuwanku na baya.