Ciwon Haƙori da Asusun Taimakekeniyar Lafiya

Jawabin da wani likitan haƙori ya yi a gaban taron hakimai da malamansu

 An umurce ni in yi muku bayani a kan lafiyar haƙori, da kuma yadda asusun taimakekeniyar lafiya, wanda a ke kira inshora, ya ke ɗaukar nauyin maganinsa. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan hakimi da haƙoran talakawa? To, dalili shi ne, abin da na faɗa wa mutum ɗaya a ɗakin duba marasa lafiya, ku in kun faɗa wa dagatai, su kuma suka faɗa wa masu unguwanni, kafin kasuwa ta ci sau biyu ya game ƙasa.

Bari in fara da abin da idona ya ke gani kullum. Galibin waɗanda su ke zuwa wurinmu ba su zuwa sai kunci ya kumbura, barci ya gagara kwana da kwanaki. Kafin nan an sa kanumfari, an sa gishiri, an danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi har ta ƙone shi, wani ma har ruwan batir ya ɗiga. Kanumfari ya kan kwantar da zogi na ɗan lokaci, ban musa ba, amma ba ya toshe kogo. Na taɓa karɓar wani magidanci, manomi, wanda kumburi ya sauko masa ƙarƙashin haɓa har numfashi ya fara yi masa wuya. Sai da aka tsaga aka fid da mugunya, ya kwana goma sha a gadon asibiti, ya sayar da ragon da ya ke kiwo domin layya. Da na tambaye shi, ya ce wata takwas ke nan da ya fara jin haƙorin yana tsami in ya sha ruwan sanyi. Da ya zo a watan farko, aikin rabin sa'a ne, a share kogon a cike shi, ya koma gonarsa a ranar.

Mutane da yawa sun ɗauka tsutsa ce ta ke cin haƙori, har akwai masu magani da su kan turara wa mutum hayaƙi, su nuna masa wani abu fari-fari a cikin ruwa su ce ga ta nan ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke akwai shi ne waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suna zaune a cikin daudar nan mai yauƙi da ta ke taruwa a gindin haƙora. Abincinsu sukari ne. In sun ci sai su fid da wani ruwa mai tsami, shi ne ya ke zaizaye ɓawon haƙori kaɗan kaɗan har ya huda shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin ramin bai kai ga jijiya ba, ciwon ba shi da yawa, shi ya sa a ke raina shi. Ran da ya kai kuwa, ran nan ne mutum ya ke sanin yana da haƙori. Har wa yau, yawan maimaita shan zaƙi ya fi yawan sukarin kansa ɓarna. Yaron da ya wuni yana tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya, ko dattijon da ya ke kurɓar shayi mai sukari tun hantsi har la'asar, bakinsa ba ya samun hutun da miyau zai wanke tsamin nan.

Game da aswaki, ba ni da abin da zan koya muku, gama addini ya riga ni kwaɗaitar da shi, likitoci kuma sun yarda yana fid da dauda in an iya yinsa. Gyara ɗaya kurum zan yi. Da yawa su kan tsaya a haƙoran gaba, waɗanda a ke gani in an yi dariya, su bar turame na can ciki, alhali kuwa a nan ne kogo ya fi farawa. Sa'an nan man goge baki yana da wani sinadari, fuloraid, mai ƙarfafa ɓawon haƙori, wanda ya sa mu ke so a haɗa da shi sau biyu a rana, musamman da dare kafin a kwanta. Gawayi da toka da yashi kuwa, fari su ke sawa na ɗan lokaci, amma kankare haƙorin su ke yi.

Yanzu ga maganar yara, wadda ita ce ta fi damuna. Yaro yana da haƙora 20 na yarinta, babba kuwa 32. Iyaye su kan ce, ai waɗannan za su zube in ya yi famfara, don me za a kashe musu kuɗi? Amma fa a wajen shekara 6 akwai turmi guda huɗu da su ke fitowa a can bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba, kuma su na dindindin ne, ba su da magaji. Sau da yawa a kan kawo mini yaro ɗan shekara 10 turmin nan ya ruɓe sarai, uwar tana jiran ya faɗi wani ya fito. Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, watau jingina zazzaɓi mai zafi da gudawa ga fitar haƙori. Fitar haƙori ta kan sa jariri dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma gudawa da zafin jiki mai tsanani wata cuta ce dabam, tilas a kai shi asibiti. Ku tuna a 2008 wani maganin ruwa da a ke sayarwa domin fitar haƙori ya gurɓace da guba, ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan.

Akwai kuma wata cuta da na ke roƙon kowane hakimi ya san kamanninta. Likitoci suna kiranta noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, kalma ce ta Girkanci mai nufin cinyewa, kuma lalle ta ci sunanta. A waɗansu wurare a kan ce mata ciwon iska, a waɗansu ciwon daji. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ta kan fara da abin da ba a kula da shi: dasashi ya yi ja yana zub da jini, gyambo ya fito, baki ya yi wari ƙwarai, yaro ya ƙi abinci. Sa'an nan kunci ya kumbura, wani baƙin tabo ya bayyana, cikin kamar mako biyu naman ya zube ya bar rami har ana hangen haƙora da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, har tara cikin goma na yaran su kan mutu. Wanda ya rayu kuwa, sau da yawa muƙamuƙinsa ya kan kafe, ga kunyar fita cikin tsara, har a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki shekara da shekaru. Abin baƙin ciki shi ne, a kwanakin farko maganinta ba wuya: maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kuma aikin iska ba ce. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, inda a ke yin magani da aikin gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce kuwa ta jagoranci neman haka.

To, na san amsar da talaka zai ba ku in kun ce ya je asibiti da wuri. Zai ce da wane kuɗi? Gaskiyarsa ce, kuma wannan ya kawo mu ga rabi na biyu na maganata. Asusun taimakekeniya ya bambanta da adashi, gama a adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa. A nan kuwa jama'a su ke zuba kaɗan kaɗan tun suna lafiya, wanda ciwo ya faɗa wa a yi masa magani daga abin da aka tara, wanda Allah ya ba lafiya kuma ya taimaki ɗan'uwansa ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. An kafa dokar shirin na tarayya a 1999, ya fara aiki a 2005, amma shekaru da yawa galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ne su ke cin moriyarsa. Daga baya jihohi suka kafa nasu hukumomi, Kano ta yi dokarta a 2016, Kaduna a 2018. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta wa kowane mazaunin ƙasa shiga wani shiri. Saboda waɗanda ba su da halin zubi, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, daga cikinsa ne a ke biya wa matalauta da mata masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi.

Ina matsayin haƙori a cikin wannan? A nan ne a ke yawan samun saɓani tsakanin mai kati da ma'aikacin asibiti, domin haka ku saurara da kyau. A ƙa'idojin da shirin tarayya ya fitar a 2012, an shigar da duba haƙori, da wanke shi, da ƙananan ayyukan tiyata na baki, da aikin jijiyar haƙori da sa haƙorin roba amma da iyaka. An fid da farar da haƙori domin ado, da dasa haƙori a cikin ƙashi, da sa masa hula. Haƙorin Makka kuwa, Alhaji shi zai biya abinsa. Kowace jiha tana da nata jerin, wani ya fi wani faɗi, saboda haka ina ba kowane malamin hakimi shawara ya je ofishin hukumar jiharsa ya karɓo jerin a rubuce, ya ajiye a ofishin hakimi. In kun duba za ku ga asusun ya fi ƙarfi a wajen ƙananan ayyukan da a ke yi tun ciwo bai yi nisa ba. Mutumin da ya riƙe kati a aljihu ya zauna har haƙora huɗu suka zube, ya yi zubi amma ya bar rabonsa ya wuce shi. A ganina wannan ita ce babbar asarar da a ke yi, ta fi ta rashin katin ma ciwo.

Akwai kuma hanya da a ke bi. Mai kati yana da asibitin farko da aka rubuta masa, can zai fara zuwa. In aikin ya fi ƙarfinsu, su za su ba shi takardar turawa zuwa babban asibiti, a nemi izinin masu biya. Wanda ya tsallake ya tafi birni kai tsaye, ba don larurar gaggawa ba, a kan ce ya biya da kansa, ya komo yana cewa an cuce shi. A shirin ma'aikatan tarayya, katin ya ƙunshi ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mai kati kuma ya kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Mai iyali da yawa, irin gidajenmu, sai ya yi wa sauran rajista dabam, kada ya ɗauki katin wannan yaro ya kai wancan.

Ba zan ɓoye muku aibin abin ba. Likitocin haƙori kaɗan ne, yawancinsu kuma suna manyan birane, ko da ya ke jami'o'i irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri suna yaye sababbi. Akwai asibitocin karkara da yawa da babu ko kujerar duba haƙori. Wani lokaci izinin turawa ya kan yi jinkiri, wani lokaci a ce magani ya ƙare. In haka ta faru a ƙasarku, kada a bar shi a hirar dandali. Malamin hakimi ya rubuta ranar, da sunan asibitin, da abin da aka hana, hakimi ya sa hannu a aika wa hukumar jiha da shugaban ƙaramar hukuma. Takarda guda mai hatimin hakimi ta fi ƙorafin mutum ɗari.

Ku kuma malamai, aikinku a wajen rajista ba ƙarami ba ne. Ku lura sunan da aka rubuta wa mutum ya dace da wanda ke kan katinsa na ɗan ƙasa, gama Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya sa a mai da mara lafiya gida. In an zo ɗaukar sunayen marasa hali, ku tsaya a rubuta gwauruwa mai marayu da tsohon da ba shi da mai taimako, kada guraben su ƙare a gidajen masu faɗa a ji. Wannan amana ce a wuyan dagatai, hakimi kuwa shi ne mai tambayarsu.

Abu na ƙarshe da na ke roƙo, ranku ya daɗe, shi ne in an tara mata ranar allurar rigakafi ko ranar awo, a sa ma'aikacin lafiya ya buɗe bakin kowane yaro ya duba, ya kuma nuna wa uwar yadda za ta duba da kanta. In aka ga yaro ramamme mai warin baki da kumburin kunci, kada a jira ranar kasuwa, kada a tsaya neman kati, a nemi mota a ran nan. In mahaifinsa ba shi da kuɗin mota, dagaci ya sanar da hakimi kafin rana ta faɗi.

Allah ya ja zamaninku. Wanda ya ke da tambaya, ina nan har bayan sallar azahar.