Garin da Babu Shi a Taswira: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya nemi in yi magana a kan sana'ata ta safiyo, sai na tuna da taswirar duniya da ke rataye a ajinmu, wadda gara ta cinye mata Ostareliya. Malaminmu na labarin ƙasa yana nan zaune. Ranka ya daɗe, yau zan biya bashin darussan da na yi barci a cikinsu.

Taswirar da muke aiki da ita yanzu lambobi ne a cikin kwamfuta. Kowace rijiya ɗigo ce mai lambar wurinta, kowace hanya layi ce, kowace gona fili ne mai iyaka. Ana ajiye su hawa-hawa, wato koguna daban, garuruwa daban, sannan a ɗora wannan bisa wancan a yi wa kwamfuta tambaya, alal misali, ƙauyuka nawa ne suka fi kilomita biyar nisa daga asibiti? Wannan tsari shi ake kira GIS, kuma a Kanada aka fara shi a shekarun 1960, ƙarƙashin Roger Tomlinson.

To, amma kwamfuta ba ta san abin da ba a ba ta ba. A 1992 hukumar taswira ta sojan Amurka ta fitar da Digital Chart of the World, duniya baki ɗaya a faifan CD 4. Mun yi murna ƙwarai, sai dai daga tsofaffin taswirorin matuƙa jirgin sama aka kwafo ta, masu ma'aunin 1:1,000,000. Ma'ana, santimita 1 a takarda kilomita 10 ce a ƙasa. Matuƙin jirgi babban kogi yake nema da tsauni, ina ruwansa da rugar Fulani? Ranar da na fara buɗe ta na nemi garinmu, na tarar da fili fetal, sai ka ce ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba.

Daga baya abubuwa sun yi sauƙi. A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tudu da kwarin yawancin doron ƙasa da na'urar rada, kana a Mayun wannan shekara Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan. A 2008 aka saki hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta. Abin da da sai ma'aikata ta rubuta takardar neman kuɗi, yau ɗalibi yana saukar da shi daga intanet.

Samun bayanan kyauta bai hana ni yin kuskure ba, kuma gara in faɗa da bakina. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an auna su ne daga wani tushe da ke Minna, ita kuwa GPS da ma'aunin duniya na WGS 84 take aiki, kuma tsakanin biyun akwai tazarar gomman mitoci. Wata rana aka tura ni nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Na ɗauki lamba daga tsohuwar takarda na zuba a GPS ban juya ta ba, na kafa turke cikin gonar wani dattijo maimakon filin gari. Sai da aka kai mu gaban dagaci. Dattijon ya ce shi bai san wata Minna ba, iyakar gonarsa kuka ce da tsamiya, kuma gaskiyarsa.

Inda na ga amfanin wannan aiki da idona shi ne yaƙi da cutar shan-inna. Masu rigakafi sun daɗe suna bin taswirar da aka zana da hannu, wadda ke tsallake ƙananan unguwanni da rugage, musamman waɗanda ke kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare yana zaton na ɗayan ne. Daga 2012 aka shiga zana matsugunan Kano da wasu jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka. An gano wuraren da a da ba sa cikin lissafin kowa. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ainihin ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Ba taswira kaɗai ta yi wannan ba, amma yaron da ba a san da unguwarsu ba, wa zai kai masa ɗigon magani?

Hoton sama yana nuna rufin ɗaki, ba ya faɗin sunan gari. Shi ya sa nake da roƙo. Akwai OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa kyauta. Ɗalibanmu sun fito daga ƙauyuka da dama, sun san sunan kowace unguwa da rafi da kasuwa yadda mutanen wurin ke faɗa. Ina neman ƙungiya ta gyara kwamfutocin ɗakin karatu ta biya kuɗin intanet na zango ɗaya, ni kuma zan riƙa zuwa ranar Asabar ina koya musu ba tare da an biya ni ba. Na riga na miƙa wa ma'aji lissafin abin da za a kashe, kuma da garinmu za mu fara.