Abinci Kafin Wa'azi: Yadda Allah Ya Hutar da Annabi Iliya



An ce in yi magana a kan hutun rai ga wanda gajiya ta ci ƙarfinsa. Zan ɗauko maganar daga mutum guda, annabi Iliya, kamar yadda Littafin Sarakuna na Fari ya ba da labarinsa a sura 18 da 19.

A kan Dutsen Karmel, Iliya shi kaɗai ya ja da annabawan Ba'al 450. Wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo bayan fari na fiye da shekara uku. Ana cikin haka sarauniya Yezebel ta aiko masa cewa kwana ɗaya ya rage masa a duniya. Sai ga gwarzon jiya ya cika wandonsa da iska, daga Yezreyel har Biyer-sheba, tafiyar fiye da kilomita 150. Can ya bar baransa, ya nausa jeji yini guda, ya zube a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura, ba faɗuwa ce ta karya shi ba. Bayan nasara ya karye, lokacin da duk ƙarfin da ya tara ya ƙare.

To, me Allah ya fara yi masa? Nan ne nake so mu daɗe. Bai tsawata masa ba. Bai tambaye shi inda bangaskiyarsa ta tafi ba. Ya bar shi ya yi barci, sa'an nan mala'ika ya taɓa shi, ga gurasa da aka gasa a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Mala'ikan ya sāke dawowa da abinci, domin hanyar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa. Wanda ya halicci jiki ya san cewa kunnen mai yunwa da rashin barci ba ya ɗaukar magana. Sai da aka yi kwana 40 ana tafiya, aka kai Dutsen Horeb, kafin Allah ya buɗe zance. Ko a can ma da tambaya ya fara, ya bar Iliya ya zazzage kukansa har sau biyu, kuka iri ɗaya: kowa ya kauce, shi kaɗai ya rage.

Wannan tunanin shi ne asalin kayan da ya danne shi, kuma shi Allah ya sauke masa. Ya sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Aikin ba a wuyan Iliya kaɗai yake rataye ba, bai ma taɓa zama haka ba.

Iyayena, irin wannan gajiyar ba baƙuwa ba ce a gare mu. A 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), kuma a shekarar ce hedkwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram. Fastocin da suka yi ta jana'iza suna ta'azantar da jama'a, wa ya ta'azantar da su? Akwai kuma gajiyar da ba ta shiga labarai: gwauruwar da ke neman kuɗin makaranta, da matar da ta fito daga gona ta wuce gwajin waƙa, ta dawo ta hura wuta.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa mu ne ke ƙara musu kaya. Mutum ya ce ya gaji, sai mu ce ya ƙara azumi, ya zo addu'ar dare. Kusan kowace yamma akwai taro, kowane taro da nasa baiko. A Matiyu sura 23 Yesu ya zargi malaman Attaura da ɗora wa mutane kaya masu nauyi, su kuwa ko yatsa ba sa sawa. A sura 11 ya kira gajiyayyu su zo wurinsa, ya yi musu alkawarin hutu da karkiya mai sauƙi. A Markus sura 6, da ya ga almajiransa ko sukunin cin abinci ba su da shi, ya janye su gefe su huta, alhali taron jama'a na jira. Dokar Asabar kanta, a Maimaitawar Shari'a sura 5, ta haɗa da bawa da baiwa da jaki, kuma dalilin da aka bayar shi ne Isra'ilawa sun taɓa zama bayi a Masar.

Saboda haka ina roƙon majalisun dattawa su ba fasto ranar hutu ta gaskiya, wadda ba a buga masa waya. Ina roƙon Zumuntar Mata, in 'yar'uwa ta yi mako biyu ba a gan ta ba, a je da kwanon tuwo kafin a je da tambaya. Wanda kuma barci ya ƙaurace masa makonni, abinci ya fita ransa, har yana fatan mutuwa, a yi masa addu'a, a kuma raka shi wurin likita, kada a bar shi shi kaɗai. Iliya ma da ya sauko daga Horeb, Allah ya haɗa shi da Elisha, wanda ya tarar yana huɗa da shanu, ya kuwa bar garmar ya bi shi yana yi masa hidima.