Matsakaicin Lissafi Ba Ya Nuna Gidan Da Aka Kwana Da Yunwa

Yau lissafi za mu taɓa, kada kowa ya gudu. Ai marigayi Shehu Shagari ma kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa.

Ku ɗauki misalin ƙauye biyu, ɗaya a Bodinga, ɗaya a Shagari, kowanne da manoma 5. A na farko kowa ya samu buhu 10 na gero. A na biyu mutum ɗaya ya kwashe buhu 50, sauran huɗun ko tiya ba su samu ba. In jami'i ya zo ya raba jimla da yawan mutane, duka biyun 10 zai rubuta. A takarda sun yi daidai, alhali gida huɗu tukunya ba ta hau wuta ba.

To ta yaya za a kama wannan? Ka ninka buhunan kowa da kansu kafin ka raba. Ƙauyen farko 10 sau 10, matsakaici 100. Na biyu 50 sau 50, wato 2500, a raba gida 5, ya ba da 500. Nan take bambanci ya fito. Ana iya ci gaba da ninki uku, ninki huɗu, har illa masha Allahu.

Tambayar da masana suka yi ita ce: in an ba ka waɗannan matsakaitai kaɗai, za ka iya gano yadda aka raba kayan? Stieltjes, ɗan ƙasar Holan, ya nuna a 1894 cewa in adadin ba shi da iyaka, rabo biyu mabambanta na iya ba da matsakaitai iri ɗaya kaf. Sai Hausdorff, Bajamushe, ya nuna a 1921 cewa in akwai iyaka sama da ƙasa, rabo ɗaya tak ne zai dace da su. Gona kuwa tana da iyakar abin da take bayarwa, ashe mu muna ɓangaren Hausdorff.

Abin da ya fi burge ni shi ne, tunda yawan mutane ba ya sauka ƙasa da sifili, ba kowane jerin lambobi ne zai yiwu ba. Matsakaicin ninki ba ya taɓa kasa matsakaici an ninka shi da kansa. Wanda ya ce maka 10 da 80, wallahi ko dai ya yi kuskure ko ya shara ƙarya, don 100 ne mafi ƙanƙanta, kuma sai kowa ya samu daidai wa daida ake samun sa.

Don haka in an zo rabon taki a mazaɓarku aka ce "kowane manomi ya samu buhu biyu a matsakaici", ku ce ranka ya daɗe, a nuna mana jerin sunaye da abin da kowa ya karɓa. Da wayar hannunku za ku yi sauran lissafin.