Ɓawon Rogo Ba Shara Ba Ne

A Ibadan, masanan cibiyar ILRI sun gano hanyar mayar da ɓawon rogo abincin dabbobi: a niƙa, a matse, ya kwana ya yi tsami dafinsa ya ragu, sa'an nan a shanya.

To, amma manomin Kuta ba ya shiga ɗakin bincike, masani kuwa ba ya cin kasuwar Gwada. Masu haɗa su su ne malaman gona, da ƙungiyoyin gama kai, da Jami'ar Fasaha ta Minna, wadda aka kafa a 1983.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Kurmi, ku tallafa wa ƙungiyar garinku ta sayi injin niƙa, ta gayyato malamin gona. In ba haka ba, ɓawo zai ruɓe a juji, awaki su rame da rani.