Kafin a zuba maka ruwa a kunne

 Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin shan magani na jami'a, kuma yau kan kunne za mu yi magana. Na san kukan da kuke yi da mu: "Na je a wanke mini kunne, sai aka ba ni maganin ɗigawa, wai in dawo." Wannan jinkirin ƙa'idar aiki ce, kuma jinku take karewa. Ina so ku san matakanta, don ku iya tambayar duk wanda ya tsallake su.

Kashin kunne jiki ne yake yin sa da kansa, a bakin ramin kunne. Yana tare ƙura, ga ta hunturu nan kuna gani, yana hana fatar ciki bushewa, yana rage ƙwayoyin cuta. Da kansa yake fitowa sannu a hankali, tauna da magana suna taimaka masa. Ramin kunnen babban mutum kusan santimita 2 da rabi ne kawai, daga nan sai dodon kunne. To idan ka sa ashana, ko gashin kaza, ko murfin biro, ko tsinken nan mai auduga, ciki kake tura shi har ya dunƙule. Ekutar da ke kwana a kunnenku ma tana hana shi fita.

Idan ka zo wurinmu, mataki na farko tambaya ce. Dodon kunnenka ya taɓa fashewa? An taɓa yi maka aiki a kunne? Yana zubar da ruwa ko mugunya? Yana ciwo? Da kunne ɗaya kake ji? Kana da ciwon suga? Kada ka ɓoye don ka samu a yi maka da wuri. Ruwa idan ya bi ta dodon kunne da ya huje, ciwo yake kaiwa can ciki. Mai irin wannan tarihi ba ma wanke masa, likitan kunne, hanci da maƙogwaro muke tura shi, wanda ake ce wa ORL.

Mataki na biyu, mu leƙa da fitilar duba kunne. Ba kowace toshewa ce kashin kunne ba. Wani mura ce, wani kumburi ne. Wanda bai leƙa ba, kada ka yarda ya zuba maka komai.

Na uku, a tausasa shi. Ana ɗiga man zaitun mai tsabta ko maganin da aka rubuta maka, kwana 3 zuwa 5. Sau da yawa wannan kaɗai yana isa.

Na huɗu, in bai fita ba, sai wanki. Ruwan ya zama daidai da ɗumin jiki, digiri 37. Ya fi haka sanyi ko zafi, jiri zai kwashe ka. Muna ja kunnen sama da baya, mu nufi bangon ramin da ruwan a hankali, ba ma harba shi kai tsaye kan dodon kunne. Ka ji zafi, jiri ko ƙara mai ƙarfi, ka faɗa nan take, dole mu tsaya. Bayan an gama mu sake leƙawa, mu busar da kunnen, mu rubuta abin da aka yi.

Sai abu ɗaya da nake roƙon ku riƙe da kyau. Idan jin kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ka zauna kana ɗiga mai kana jira. Ka zo a duba a ranar. Wani lokaci jijiyar ji ce ta samu matsala, kuma maganinta ya fi aiki a kwanakin farko.

A gida, ƙyalle mai laushi a bakin kunne bayan wanka ya isa. Mai sakace kunne a tasha ko kasuwa kuwa ba ya ganin inda ƙarfensa yake zuwa, kuma da shi ya taɓa na gabanka.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.