Jawabi Ga Direbobi Kan Gyaran Ham Ɗin Mota

Jama'a direbobi da masu motoci, ham, wanda wasu ke kira oda, shi ne bakin mota. Da shi direba ke gargaɗin yaron da ya faɗo titi, da mai keken da ke bayan kwana. Motar da ham ɗinta ya mutu haɗari ce ga kowa, alhali kuwa sau da yawa gyaransa ba ya cin kuɗi mai yawa, muddin an bi abin daki-daki.

Da farko a duba fis. Idan ya ƙone, a sa wani mai lamba daidai da tasa. Kada a kuskura a ɗaura zaren waya ko takardar kwalin taba a madadinsa, domin fis shi ne ke tsinke wuta idan ta yi yawa. In babu shi, wayoyi ne za su ɗau zafi, har mota ta kama da wuta. Idan sabon ma ya ƙone, to akwai wayar da ta sale tana taɓa ƙarfe, sai a nemo ta.

Idan fis lafiya yake, wani ya danna ham, direba kuma ya kasa kunne wajen rile. In an ji ƙas-ƙas, to laifin yana gaba, ko a waya ko a ham ɗin kansa. Sai a kwance shi, a jona shi kai tsaye da batir. In ya yi kuka, a goge tsatsa daga bakin wayoyinsa da wurin da noti ya ɗaure shi da jikin mota, domin a motoci da yawa ta nan wuta ke komawa. In ya yi shiru, sai sabo. Muryar da ta dushe kuwa, galibi ruwa ne da lakar damina suka shige shi.

In ba a ji ƙas-ƙas ba, laifin na rile ne ko madannin da ke jikin sitiyari. A nan sai a yi hattara. Motocin zamani suna da jakar iska a cikin sitiyari, wadda kan iya fashewa ta raunata mai kwancewa, saboda haka a bar wa ƙwararren mai gyaran waya wannan aiki.

A ƙarshe, ana kira ga kowane direba ya gwada ham ɗinsa kafin ya bar tasha, ya kuma tuna cewa ham ba ya maye gurbin birki.